Sifilin da Na Ba Rabi

Ranar sadakar bakwai ta yayarku Rabi, ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, sai na jiyo ƙanenta Nasiru ta bayan katanga yana ba wani abokinsa labari. Cewa yake, Allah ya jiƙan Yaya, kai gare ta kamar me, da ba a kama ta da satar amsa ba da yanzu babbar ma'aikaciya ce a Yamai. Na san bai faɗa da mugunta ba, abin da ya tashi ya tarar ana faɗi ne. Amma ni sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Shekara ashirin da shida wannan magana tana yawo a gidana, kuma ni na ƙirƙiro ta. Don haka na ture abin da na yi niyyar rubutawa a wannan babi na tarihin rayuwata da nake bar muku, wato labarin garuruwan da aka yi ta jefa ni koyarwa, su Zabori da Karakara. Wa ya damu da su? Shekara ɗaya tak nake so ku sani, kuma bari in fara da abin da ya fi komai: Rabi ba ta saci amsar kowa ba.

Kun ga na rubuta sunanta. Ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin har ta koma ga Mahaliccinta bakina bai taɓa furta shi ba. Ku na yanzu kuna saɓa ɗan fari a kafaɗa, ku ɗauke shi hoto da waya ku watsa wa duniya, ba ku san abin da ake kira kunyar ɗan fari ba. Mu haka muka tarar: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa gaban mutane, uwa ma haka. Ana yaye Rabi, mahaifiyata Iya ta zo ta goya ta zuwa Tunuga, can ta tashi cikin masunta da ƙamshin banda, sai da ta isa shiga kolej, ƙaramar sakandare, aka dawo mana da ita Gaya. Ni da uwarku Mariama, 'yar Iya muke ce mata, in kuma tana kusa, ke. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Wallahi ina son yarinyar nan har son yana ba ni tsoro. In na je kasuwa, kaye, wato littafin rubutu, mafi kyau nake saya, in ba uwarku, ita kuma ta ba ƙanwar yarinyar ta kai mata, don kada a ce daga hannuna ya fito. Ita ma ta san dokar. In na shigo gida ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Baba, ta tashi ta ba ni wuri. Abin da ke tsakaninmu ke nan.

A lakwal kuwa, wato makaranta, ku tambayi duk wanda ya yi lise, babbar sakandare, a garin nan a wancan zamani, zai gaya muku sunan da aka sa mini: Mushe Ba-Sani-Ba-Sabo, Mushe kuwa shi ne Malam da Faransanci. Ina jin sunan, ina yi kamar ban ji ba, alhali daɗinsa har cikin ɓargona. Wani attajiri mai kamyoyi, manyan motocin kaya, ya taɓa aiko mini da rago saboda ɗansa da ya faɗi Faransanci, na sa aka ja ragon tsakiyar rana, ta gaban tasha, kowa na gani, aka mayar masa. Na ba da labarin ragon nan ya fi sau ɗari. Gaskiya ce, ban ƙara gishiri ba, ban taɓa sayar da maki ba. Amma yau na san ba don Allah kaɗai na sa aka bi da ragon ta gaban tasha ba, akwai hanyar baya.

Shekarar da nake ba ku labari, Rabi ta kai ajin ƙarshe, masu shirin bak, jarrabawar fita lise, kuma ni kaɗai ne mai koyar da adabin Faransanci a wannan aji. Ba yadda za a yi, ta faɗo hannuna. In ina kiran sunaye da safe, da na zo kan nata sai in ɗaga kai, in ga tana nan, in sa alama, in wuce. Da farko 'yan aji suna ƙunshe dariya, daga baya suka saba. Ban taɓa nuna ta ta ba da amsa ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Akwai wani tsohon littafi da aka ɗora mana a shekarar, labarin wani dattijo mai jiragen kamun kifi a bakin teku, mutumin da duk garinsu aka san in ya ce e, to e ɗin ce. Ya yi rantsuwa a kan wata magana cikin fushi, ya ƙi janyewa, 'ya'yansa suka watse, jiragen suka ruɓe a kan yashi, ya mutu shi kaɗai. Tambayar da nake so su iya amsawa ita ce: me ya sa masana ke kiran irin wannan labari tirajedi, alhali ga littattafai birjik da ake mutuwa a ciki ba a ba su wannan suna ba? Wata ɗiyar direba da ke zama kusa da taga ta ɗaga hannu.

"Mushe, bara kamyon kawuna ya kife a hanyar Doso, mutum uku suka rasu. Shi ma tirajedi ne?"

Na ce, "Allah ya jiƙansu. Wannan masifa ce ta faɗo musu, taya ta fashe, ba su suka kira ta ba. Ku ɗauki bik ku rubuta."

Na shifta musu abubuwa uku. Na ɗaya, mai labarin mutumin kirki ne, ba ɗan iska ba, don in mugu ya faɗi ba mai kuka. Na biyu, faɗuwarsa daga hannunsa take fitowa, kuma ta hanyar halin da ake yabonsa da shi. Na uku, yana gane kuskurensa, amma sai bayan bakin alƙalami ya bushe. Shekara goma sha tara ina ba da wannan darasi, kalma ba ta canzawa, har na san inda nake tsayawa in kurɓi ruwa. Kuma abin da na ba da, shi nake so ya dawo mini a takarda, ba ragi ba ƙari. Na ba su mako biyu su yi mini dogon rubutu a kan tambayar.

Lokacin bazara ne, zafin Gaya irin wanda ke sa kwalta laushi. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida ina duba takardu. Duk abu ɗaya, maganata ce ake dawo mini da ita, wasu da kuskure wasu ba kuskure. Sai na zo kan tata. Ta gama da abubuwan nan uku cikin rabin shafi, sannan ta ce akwai na huɗu wanda ba a faɗa a aji ba. Da Faransanci ta rubuta, amma ga ma'anarsa, don na haddace:

"Abin da ke cin ran mai karatu shi ne ƙofa a buɗe take tun farkon littafin har ƙarshensa. Matarsa ta nuna masa ita, abokinsa ya nuna masa. A kowane babi akwai safiyar da zai iya tashi ya sa takalmi ya je ya ce na yi kuskure. Da hanya a toshe take, da mun ce ƙaddara, mu haƙura. Amma mun ƙirga safiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa muka kasa haƙura. Kuma mutanen garin da ke yabonsa suna da hannu a ciki, don su suka gina masa ɗakin da ya kasa fita."

Sau uku na karanta. Karatun farko, daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, na ce a raina, ikon Allah, shekara goma sha tara ban ga wannan ba. Karatu na biyu, tsoro ya shigo. In na ba ta makin da ya fi na kowa, gobe a kasuwa za a ce ubanta ya rubuta mata, Ba-Sani-Ba-Sabo ya zo kan nasa ya san sabo. Karatu na uku, sai Shaiɗan ya kawo mini mafita. Na ce anya kuwa? Yarinyar da ta tashi cikin ƙarnin kifi, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla uku a gabana ba, ita ce za ta zo da wannan? Lalle daga wani littafi ta kwaso. Ku dubi wauta. Ina zan ji ta haɗa jimla uku, alhali ni na hana? Shirun kunya na ɗauka shirun rashin sani.

Da ɗan wani ne, na san abin yi. In kira shi ofis, in rufe takardar, in yi masa tambaya uku, cikin minti biyar in gane nasa ne ko na aro. Na yi wa yara haka ba adadi. Amma ita, in zaunar da ita gabana, ni da ita, ido cikin ido, mu yi ta magana kamar abokai? Ban taɓa ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ga ta can tana tankaɗen gari bakin madafa, tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Na dube ta, na dubi takardar, na ɗauki jan bik.

Ranar Litinin na raba wa kowa takardarsa, na riƙe ɗaya. Na karanta wa aji wannan sakin layi da murya mai ƙarfi, ina jan kalmomin don a yi dariya, aka kuwa yi. Na ce wannan ba aikin ɗalibi ba ne, sata ce, kuma a ajina ɓarawo sifili yake samu ko ɗan wane ne. Na ajiye takardar a kan teburinta. Sai ta miƙe, karo na farko a ajina, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mushe, daga wane littafi?"

Ba wani littafi da zan iya ambata. Yara arba'in suna kallona, ni da ake cewa na haɗiye laburare. Sai na daka mata tsawa.

"Ke za ki gaya mini. Fita. Kada ki sake taka ajin nan sai kin faɗi inda kika kwaso shi."

Ta tattara kayenta, ta bar takardar a kan tebur, ta fita, ba ta yi kuka ba. Na ɗauki alli na ci gaba da darasi.

Da na dawo gida na tarar uwarku a ɗakin 'yan mata tana lallashi. Ina jin su daga tsakar gida.

"Ke, ki faɗi sunan kowane littafi mana, ki ba shi haƙuri, magana ta wuce. Jarrabawa saura wata biyu."

"Inna, in na faɗa na zama ɓarauniya da bakina. Yanzu da bakinsa ne kawai."

Kwana uku tana gida, tana durƙusa mini safe da yamma kamar ba abin da ya faru. Rana ta huɗu ta nemi izinin uwarku, ta shiga motar Tunuga wurin Iya. Na ce a ƙyale ta, yunwar karatu za ta dawo da ita. Ni a tunanina fushin yarinta ne.

Bayan mako guda, ina ƙarƙashin mangwaron nan, sai Mariama ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ta ajiye a gabana ba sallama. Ku kun san uwarku, ba ta yi lakwal ba, baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, kuma a zamanmu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

"Malam, ni ban iya karatu ba, amma na iya ganin wahala. Ƙarƙashin katifarta na samo. Wanda ya yi sata ba ya ɓata takarda haka."

Kaye biyu ne, cike. Rubutun nan ne tun yana jariri. Ta rubuta ta soke, ta sake ta soke. Wani wuri ta fara tunanin da Hausa a gefen shafi, sannan ta yi ta kokawar juya shi. Maganar ƙofa sau shida ta sake mata tsari kafin ta zauna. Har ta zana jerin babi-babi, kowane da ɗan gicciye a inda dattijon zai iya komawa bai koma ba, goma sha huɗu ta ƙirga. Ba malamin da zai ga kayen nan ya yi shakka. Na rufe su na ajiye.

Mariama ta ce, "To?"

Na ce, "Na gani."

"Na san ka gani. Motar Tunuga da safe take tashi."

"Ki bar ni in yi tunani."

"Rabi ce fa, Malam." Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta faɗa ta rufe baki da gefen zane, ta shige ɗaki.

To, nan ne nake so ku buɗe kunne, don sifilin kuskure ne, kowane malami yana kuskure. Abin da ya biyo baya shi ne laifin. Washegari na sa takalmi da niyyar tasha. Ina fita na haɗu da wani dattijo mai sayar da rake, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce Mushe, mun ji abin da ka yi, ɗiyar cikinka ma ba ka raga mata ba, da malamai duka irinka ne da ƙasar nan ta gyaru. Na ce masa Allah ya sa mu dace, na juya na nufi lakwal, na ce gobe. A lakwal direkta ya tara malamai, ya kafa misali da ni. A masallacin Juma'a mutane suna nuna ni da baki. Yabo ya yi ta zuwa kamar ruwan Agusta, kuma kowane yabo sai ya ƙara wa tafiyar Tunuga nisa. In je in ce me? In tsaya gaban yara arba'in in ce Ba-Sani-Ba-Sabo ya yi wa ɗiyarsa ƙazafi? Sai a ce ai dama, uwarta ta yi kuka ya janye. Kuma uba ya je ya ba ɗiyar fari haƙuri, a ina aka taɓa yi? Da wannan na riƙa rufe bakin zuciyata. Abin da na iya kawai, wata rana da ba kowa a ofis, na buɗe babban littafin maki, na kankare sifilin da reza, na rubuta wani maki a wurin. Ban gaya wa kowa ba. Na ji sanyi a raina kamar na yi wani abin kirki.

Saura mako uku jarrabawa, Iya da kanta ta zo, tsohuwa mai ciwon gwiwa, a bayan motar kifi. Ko ruwa ba ta sha ba. Ni ne autanta, ba kunya tsakaninmu, sunana take kira gatsau.

"Hamidu, yarinyar nan ba ta ci ba ta sha. Me ta yi maka?"

"Iya, sha'anin lakwal ne, ba za ki gane ba."

"Ban gane lakwal ba, amma ni na haife ka, ni na raine ta. Kai ka haifi kanka. Ita ba za ta tanƙwaru ba, kai ba za ka tanƙwaru ba, to babba shi ne juji. Kunyar da muka koya muku ta baki ce, ba mu ce ku kai ta zuci ba. Ubanka bai taɓa kiran sunan yayanka ba, amma ranar da kwalekwale ya kife da shi wa ya fara faɗawa ruwa?"

Na ce mata ta koma ta ce wa yarinyar ta dawo aji, na yafe. Ku ji fa, ni na yafe. Iya ta ce girman kai rawanin tsiya, ta ɗauki sandarta. Saƙon da ya dawo mini gajere ne: ta gode, amma ba ta san laifin da aka yafe mata ba. Na yi fushi, na ce to ta zauna. Na ce in an gama jarrabawa hankali ya kwanta zan je. Aka yi jarrabawa, kujerarta ba kowa. Na ce in an shiga hutu. Damina ta sauka, hanya ta lalace, na sami hujja. Da aka koma lakwal na ce ai yanzu magana ta tsufa, tono ta sai ya fama ciwo. Kuma duk wannan lokaci ina shiga aji ina shifta wa 'ya'yan mutane abubuwa uku.

Sauran kun sani, ko kuna tsammanin kun sani. Ta kama sana'ar Iya, banda take saya a Tunuga ta ƙetare gada ta kai kasuwar Malanbil. Ta yi aure da wanda ta zaɓa, mutumin kirki, ta dawo Gaya, ta haifi 'ya'ya biyar, ta rufa wa kanta asiri ta rufa wa da yawa daga cikinku. Kowace Juma'a kifi yana zuwa gidan nan, mafi kyau, wanda ba ta sayarwa. Kowace Sallah ta zo ta durƙusa, ina wuni Baba, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, ta tashi. Ba ta taɓa ɗaga mini kai ba, ba ta taɓa gaya wa ɗayanku gaskiyar magana ba, ta bar ku kuna tsokanarta da ɓarauniyar amsa tana dariya. Abu ɗaya na lura: ban sake ganinta da littafi a hannu ba. 'Ya'yanta in an ba su aikin gida, maƙwabta take tura su. Duk ranar da na ga haka, abinci ba ya shiga mini. Uwarku har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai in an kawo kifin Juma'a ta ajiye mini ta ce, ga saƙon wadda ba ta yi maka komai ba.

Bara ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta Yamai aka dawo, likitoci suka ce a yi ta addu'a. Na riƙa zuwa dubiya tare da jama'a, in tsaya bakin ƙofa in ce ya jiki, in koma. Wata ranar Laraba da hantsi na je na tarar ba kowa, mijinta ya fita neman magani, yara suna lakwal. Na tsaya bakin ƙofa kamar kullum. Ƙafata ta ce juya. Ban san abin da ya tura ni ba, na cire takalmi na shiga, na zauna a kan tabarma kusa da gadonta. Ta yi ƙoƙarin tashi ta durƙusa, na ce kwanta. Shekararta arba'in da biyar, kuma ranar ce farkon zamana da ita mu biyu. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Na ce, "Takardar nan. Ta littafin mai jirage. Ke kika rubuta. Na ga kayenki, tun a shekarar na gani. Ƙarya na yi miki gaban mutane, kuma na san ƙarya ce na yi shiru. Ki yafe mini."

Na yi tsammanin za ta yi mamaki. Ko gezau.

"Na san ka gani, Baba. Inna ta aiko mini ranar da ta ba ka."

"Kin sani?"

"Shi ya sa na yi ta jira. Gidan Iya kana ganin hanya daga bakin ƙofa. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa. Na ce ba sai ka ce komai ba, in na ga hularka kawai zan ɗauko jakata. Kullum ina bitar darasi, don kada ka zo ka tarar na manta. Sai ranar da na ji an fara jarrabawa na ba Iya littattafan ta hura wutar banda."

Hawaye suna zuba a gemuna, ni da ko a jana'izar Iya ban bari an ga hawayena ba. Ta bar ni na yi mai isata. Can sai ta juyo da kai, da ɗan murmushin nan nata irin na Iya.

"To Mushe, tunda ba sata ba ce, nawa na ci?"

Na gaya mata na kankare sifilin tun a lokacin, na sa sha bakwai cikin ashirin.

"Sha bakwai. Ukun fa, ina suka tafi? Kuskuren nahawu?"

Da na so, da na ce e. Amma na gaji da ƙarya.

"Ba kuskure ko ɗaya. Na rage ne don kada a ce na fifita ki."

"Wa zai ce? Kai kaɗai ne a ofis ɗin."

"Ni kaɗai ne."

Sai ta yi dariya, dariya ta gaske, har tari ya sarƙe ta, na ɗauko kofi na ba ta ruwa da hannuna. Da numfashinta ya daidaita ta ce ta yafe, tun da daɗewa ta yafe, in daina kuka kada yara su dawo su gan ni haka. Sannan ta rufe ido, ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba:

"Na so karatun nan, Baba. Wallahi na so shi."

Kwana tara bayan nan ta cika.

Yafiyarta tana wurina, amma ba ta mayar mata da komai ba, kuma ni ban ga ranar da zan daina jin wannan kalma ta ƙarshe ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne sunanta a bakinku. Nasiru, kai ne babba yanzu. Ka nemi abokin nan naka da ka ba labari bayan katanga, ka gaya masa ba haka aka yi ba. Ku tara 'ya'yanta biyar ku karanta musu wannan babi, kada ku tsallake inda ban fito da kyau ba. In kun ji nauyi, ku kawo su nan, ni zan karanta musu da bakina tun ina da sauran murya.